Ja Mace, Fari Namiji

Tsako na huɗu ne ya ɓata mata safiya. Ba wanda ya ce ta duba shi. Aikinta ran nan bai wuce ta tsaya tana kallo ba, ja a sa a kwalin dama, fari a sa a na hagu. Amma hannun da ya shekara bakwai yana abu ɗaya ba ya jin sanarwa. Ta ɗauki jan tsakon ne don ta gyara masa zama, kafin ta ankara babban yatsanta ya kifa shi ya buɗe ƙarƙashin bindinsa a gaban fitila. Ga ɗan ƙullun nan kamar kan allura, yana sheƙi. Zakara ne, jajir da shi, a tsakiyar kwalin mata.

Ta mayar da shi inda ta ɗauko shi. Ta ce wa kanta ɗaya ne, ai ko a gidan mutane ana samun ɗaya. Sai ta ɗauki wani. Mace. Ta ɗauki wani, zakara. Ta juya wa sauran ma'aikatan baya kamar mai gyara kwali, ta duba ja ashirin, tara zakaru. Ta duba fari ashirin, sha ɗaya mata. Wato da za a rufe ido a riƙa jefa su duk inda hannu ya kai, abin da za a samu ke nan, kuma da an huta da kunna fitila.

Gwaggo mai naɗe kwali tana can bakin tebur ita da mai shara, suna tsince tsaki da hannu bibbiyu. Yau aka yi musu ƙarin girma, kuma sun karɓe shi da ƙarfinsu.

"Ashe aikin da kike ta yi mana yanga da shi ke nan, Alƙaliya," in ji Gwaggo. "Shekara bakwai kina leƙa gindin kaji, ashe amsar tana gadon bayansu."

Alƙaliya ta ce ai shi ilimi haka yake, Gwaggo. Ta goge yatsanta a jikin riga.

Ba sunanta ba ne Alƙaliya. Masu sayen tsaki ne suka laƙaba mata, don ita ke yanke hukuncin wane ne namiji wace ce mace a gidan ƙyanƙyasar Kawu, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Tsakin kwana ɗaya duk kamarsu ɗaya, ba zanko ba cara. Wanda ya sayi mata don ƙwai, in aka haɗa masa da zakaru, sai ya yi mako shida yana ɗura musu abinci kafin zanko ya fito ya gaya masa gaskiya. Shi ya sa duk kwalin da ta tantance takan dangwala babban yatsanta a shuɗiyar tawada ta buga a kan murfin. Ta iya sa hannu, ta ma fi Kawu kyan rubutu, amma ya ce mutane sun fi yarda da yatsa. Da gaskiyarsa. Kwalin da ba shuɗin yatsa a kai ba ya fita ƙofa.

Ba a makaranta ta koya ba. Wani ɗan littafi ne ya zo a cikin kwalin injin ƙyanƙyasa, rabinsa da wani yare da ba wanda ya san kansa, ta bi hotunan. Sai ta riƙa kwasar tsaki goma-goma tana kaiwa bayan gida, ta ɗaura wa waɗanda take zaton maza ne baƙin zare a ƙafa, ta jira mako shida ta ga ko ta yi ƙarya. Shekara uku tana ƙarya kafin ta daina. Ladan da ta samu shi ne ɗakin nan. Ba taga, sai fanka ɗaya mai zuƙe iska da ba ta zuƙe komai, teburin ƙarfe, ƙwan fitila mai zafi daidai goshinta, da ƙurar gashin tsaki mai kwana a hanci. Litinin da Alhamis tsaki dubu uku-uku, kowanne yana kuka kamar shi kaɗai aka zalunta. Ko ciwo ba ta da izinin yi a ranakun nan. Ranar da aka yi wa mahaifiyarta aikin ido ma tsaki ta duba.

Wata biyu da suka wuce ta je gwajin ɗaukar aiki a wata cibiyar binciken kiwo a wani gari. Mutum sha huɗu ne, kowa da jakar takardu, ita da leda. Aka ba kowa tsaki ɗari. Ta kuskure ɗaya, kuma har yau tana ganin su ne suka kuskure. Matar da ke ɗaukar aikin ta ce sun ɗauke ta, ta ma nuna mata ɗakin haɗa iri inda za ta zauna, taga har biyu. Amma tunda ba ta da takardar makaranta, sai ta kawo wasiƙa daga inda take aiki mai shaida shekarun da ta yi, da sa hannu da hatimi, ranar Litinin ƙarfe takwas. Yau Alhamis. Wasiƙar tana cikin durowar teburin Kawu, an buga ta, ita da kanta ta gyara kurakuran, saura sa hannu. Kawu, ƙanin mahaifiyarta, ya ce shi ba zai riƙe 'yar 'yar'uwarsa ba, Allah ya kiyaye. Ranar da ƙyanƙyasar farko ta sabon iri ta fita ƙofa lafiya ba tare da an nemi idonta ba, ranar zai sa hannu.

Sabon irin kuwa na Dakta ne. Ba wanda ya san doktan mene ne. Gwaggo ta taɓa nuna masa gwiwarta, ya ce shi ba ƙananan abubuwa yake dubawa ba. Farar kwat yake sawa har wajen cin abinci, biro huɗu a aljihu, ya rataye takardun shaida biyar a ofishin Kawu, ɗaya ta zuwa taron kwana biyu ce a wani otal. Shi ya shawo kan Kawu cewa duniya ta wuce leƙen gindin tsako, akwai irin da tun daga ƙwai mace ke fitowa ja, namiji fari, kowa da ido zai iya rabawa. Ya sayo iyayen ya kai su gonar bayan gari, wata takwas ana kiwonsu. Alƙaliya ba ta taɓa ganinsu ba. Ita ƙwai take gani, sai abin da ya fito daga ciki. Amma duk gidan ba wanda ya kai ta yi wa Dakta addu'a.

Ya shigo ƙarfe tara yana ɗaukar hoto da waya, yana yi wa wayar bayani da Turanci. Ya ɗauki Gwaggo, ya ɗauki kwalaye, ya ɗauki kansa yana kallon kwalaye. Ta bari ya numfasa.

"Dakta, iyayen nan maza, wane launi ne?"

Ya sauke wayar ya dube ta irin kallon da ake yi wa wanda ya tambaya ko ruwa na jiƙa kaya. Farare mana. Maza farare, mata jajaye, ɗa ya ɗauko uba, 'ya ta ɗauko uwa. Ya ce kamfanin da ke sayar da irin ma sun so su wahalar da shi da wata doguwar hanya, sai ya yi musu dabara, ya sayi 'ya'yan nasu kai tsaye, jajayen mata da fararen maza, ya raine su ya haɗa su da juna. Ya ce abin da sauƙi in mutum ya yi karatun, amma kada ta damu, inda za ta za su koya mata a hankali.

Ta ce Allah ya ƙara sani.

Ta karanta abin nan a waya tun makon da ya fara maganarsa. Uba ja ake so, uwa fara. 'Ya'ya mata su ɗauko launin uba, maza su ɗauko na uwa, a gicciye. Kuma sau ɗaya yake ci. In ka haɗa 'ya'yan da junansu, launi ya daina bin jinsi, ya zama ado kawai. Ba ta taɓa tambayarsa ba, don ba ta zaci akwai mai biro huɗu da zai iya kifa abin ba. In kuma za a faɗi gaskiya, wata takwas ɗin nan ba ta so ta sani ba.

Ta wanke hannu ta nufi ofis. Kawu yana zaune da waya a kowane kunne, yana gaya wa ɗaya cewa yau tarihi ake kafawa, yana gaya wa ɗayar cewa mota na hanya. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya gama. Ta ce tunda komai na tafiya daidai, ko zai sa mata hannun yanzu, ta samu ta je ta yi guga. Ya ce ai biron kirkin yana cikin mota. Ta nuna masa uku a kan tebur. Ya ce waɗannan ba a sa hannun takarda mai muhimmanci da su, kuma me ake ci na sauri, awa nawa ne kwalayen su fita ƙofa? Sai ya ja durowar, ta hango gefen wasiƙar fari tas, ya sa hannu ta gefenta ya ɗauko gwangwanin tawada ya turo mata.

Ta ce ai yau ba ita ta raba ba, bai kamata yatsanta ya hau ba. Gara Dakta ya sa nasa.

"Wa ya san yatsan Dakta? Matan nan masu saye tun ƙarfe bakwai suke ƙofa, naki suke jira. Na ƙarshe ne. Yatsa ne fa, ba rantsuwa ba."

Daga ofis zuwa ɗakin tsaki taku ashirin da biyu ne, ta bi su a hankali. Ta duba ko akwai wata hanya. In ta ce za ta tsince zakarun daga kwalayen ja a ɓoye, aikin awa uku ne a gaban fitila, kuma kwalayen za su koma rabi, ko Dakta sai ya lura. In ta ce cikinta na ciwo, Kawu zai biyo ta gida da gwangwanin. In ta buga yatsa ta karɓi wasiƙa sannan ta faɗa, tsakin sun riga sun watsu unguwa ashirin, wasu a bayan babur wasu a kan cinya cikin bas.

In kuma ta yi shiru, mako shida ne kafin zanko ya fito. A mako shida tana wani gari, da katin aiki a wuya, tana gaida mutane a kan matattakala. Laifin Dakta ne, kuma zai dace da shi kamar kwat ɗinsa. Ba wanda zai mutu. Zakara ma nama ne. Ta jera hujjojin nan ta ga duk ba wadda ta yi ƙarya a ciki, ta buɗe gwangwanin.

Tawadar da sanyi. Ta buga na ɗaya, ta buga na biyu. Kowane kwali tsaki hamsin, tana jin ƙafafunsu na karce ƙasan kwalin ta cikin murfin. Gwaggo ta ce yau yatsan ba ya kamawa sosai, ko har ya fara tafiya ya bar ta? Ta danna da ƙarfi. Ta buga sha ɗaya. Direba ya kwashe su ya fita da su baranda, biyu na farko wani mai babur ya ɗaure a baya ya tafi tun kafin tawadar ta bushe.

Kawu ya aiko ta fito ta yi sallama da masu saye. Ta fito tana ƙyafta ido. Rabonta da ganin ranar Alhamis da hantsi har ta manta yadda take, ashe irin ta sauran ranaku ce. Mata kusan ashirin a inuwar rumfa, wasu da igiya, wasu da tsohon zane na rufe kwali. An rataye sabon kyalle a bango mai hoton Dakta ya rungume farin zakara, su biyun suna kallon gefe ɗaya.

Maman 'yan biyu ce a gaban layi. 'Yan biyun yanzu duk da gemu, amma sunan ya zauna. Sau biyu a shekara take zuwa, kwali ɗaya take ɗauka, yau uku ta ce a ajiye mata. Tana ɗaure su da igiya tana ba da labari ba tare da an tambaye ta ba. Ta fitar da keken ɗinkinta daga ɗakin baya ta ba ƙanwarta, idon ya daina ganin ramin allura. Ta share ɗakin ta zuba ɓuntu, kaji za su zauna a ciki. Maigidan ya ce ko su ko shi, ta ce masa shi ai ba ya ƙwai. Wani mai shago a bakin titinsu ya ce duk abin da suka yi zai ɗauka. Ta ja igiyar ta ƙulle a kan shuɗin yatsan daidai.

Alƙaliya ta ce ba za ta buɗe ta duba ba?

"In duba me? Ga yatsanki." Ta ɗaga kai ta kalle ta sama da ƙasa. "An ce za ki bar mu. Inda za ki ki riƙa cin abinci, kin zama kamar tsinke."

Haushi ne ya kama Alƙaliya. Akwai masu saye da ke buɗe kwali su ƙirga tsaki sau biyu, su ɗaga kowanne su duba ƙafa, su ce na bara ɗaya ya yi cara, alhali na bara ba a nan suka saya ba. Da irinsu ne a gaban layi, da ta miƙa musu kwalin da hannu biyu har da fatan alheri. Amma sai aka turo mata wadda ta ba da keken ɗinki. Matar ta sunkuya za ta ɗauki kayanta, ta gwada nauyin, ta gyara gyale.

"Mama, kwance igiyar."

"Me ya faru?"

"Rabinsu zakaru ne."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma a layin mata ba a buƙatar ƙarfi. Kafin Maman 'yan biyu ta miƙe, maganar ta kai ƙarshen rumfa ta dawo da ƙari. Kawu ya fito da waya ɗaya a hannu, Dakta a bayansa da littafin kamfanin a hammata, wanda yake yawo da shi tun wata takwas saboda bangonsa na sheƙi.

Ta faɗa musu a taƙaice. Ja ashirin, tara maza. Fari ashirin, sha ɗaya mata. Dakta ya yi wata 'yar dariya ta manya. Ya juya wajen matan ya ce kada su ga laifinta, abu ne sananne, in aka kawo wa mutum abin da ya maye gurbinsa sai zuciyarsa ta ƙi karɓa, har suna gare shi a likitance. Ya faɗi sunan. Ya ce kimiyya ba ta gardama a baranda, a jira mako shida a gani. Wata mata daga baya ta tambaya ko shi zai riƙa kawo musu abincin kajin a mako shidan.

Alƙaliya ta ce ya ara mata littafin. Ta wuce shafin da yake buɗewa kullum, mai hoton tsaki ja da fari a cikin kwando, har ya yi laushi don taɓawa. Ta wuce na gaba. Na ukun ma a manne yake da na huɗu, sai da ta sa farce ta raba su. Rubutu ne ƙanana cike da shafi, a ƙasa hoton iyaye. Jan zakara, farar kaza. Ta juya littafin ta riƙe masa a gaban ƙirji.

Dakta ya daɗe yana kallon hoton. Ya ciro biro ɗaya, ya mayar. Daga nan ya ce dama abin da yake zargi ke nan tun makon jiya, yana jira ne ya ga ko wani daga cikin ma'aikata zai lura.

Kawu bai ko kalli littafin ba. Tun daga kalmar farko ya yarda. Shekara bakwai bai taɓa shakkar idonta ba ko sau ɗaya, kuma matsalarta da shi ke nan. Ya aiki direba ya bi mai babur. Ya ba matan haƙuri, ya sa aka kawo musu benci da ruwan sanyi. Sannan ya tambayi Dakta wata nawa gyaran zai ɗauka. Dakta ya ce a samo iyayen da suka dace, a raine su, su fara ƙwai, wata takwas in an dace. Kawu ya tambaya ƙwan da ke cikin injina fa, da wanda kajin gona ke zubarwa kullum, sun lalace? Dakta ya ce a'a, kaji ne lafiyayyu, launin ne kawai ba ya cewa komai.

"To ai ba a yi asara ba," in ji Kawu. Ita yake kallo.

Aka mayar da kwalaye tara ciki. Ta yage murafen da kanta. Aka juye ja da fari wuri ɗaya kamar yadda aka saba tun farko, Gwaggo ta koma naɗe kwali, mai shara ta koma tsintsiya. Can Gwaggo ta turo mata kofin ruwa da gwiwar hannu, ta ce dama ita tsince-tsincen nan ya fara sa mata ciwon wuya.

Ta kunna fitila ta zauna. Ɗauka, kifa, buɗe, duba, ajiye. Kwalin mata ya fara cika da ja da fari a gauraye. Na Maman 'yan biyu ta fara haɗawa. Matar ta leƙo ta ga fararen, ta tambaya ko su ma suna ƙwai, aka ce mata suna yi, ta ce to launin ai ba ita za ta sa shi ba. Ta ɗaure kayanta ta tafi. Direba ya dawo ya ce bai ga mai babur ba, kuma lambar da ya bari ba ta shiga. Wato wani wuri a garin akwai kwali biyu da yatsanta a kai, kuma nan da mako shida za su fara magana.

Ƙarfe biyu ta fita lungun bayan banɗaki, inda kaɗai waya ke samun sabis. Ta kira matar cibiyar. Ta ce an samu matsala a wurin aiki, wasiƙar ba za ta samu ranar Litinin ba. Ba ta faɗi wace matsala ba, matar ma ba ta tambaya ba. Ta ji ana buɗe takardu. Matar ta ce iyakar abin da za ta iya shi ne ta riƙe mata gurbin zuwa ƙarshen wata, mako uku ke nan. Bayan nan akwai na biyu a jerin, mai digiri, ya kuskure ashirin da shida amma takardunsa sun cika. Alƙaliya ta yi godiya. Ta tsaya kaɗan tana kallon famfon da ke ɗiga, sannan ta koma, don saura dubu da ɗari biyu.

Sai da rana ta yi sanyi kwali na ƙarshe ya fita. Aka bar na zakaru da wasu ragowar da mai su bai zo ba. Tana wanke tawada a yatsa Kawu ya shigo. Ba ya shiga ɗakin nan, ya ce ƙurar na tayar masa da mura. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, Dakta a bayansa.

Ya ce yau ta fitar da shi kunya, zai gaya wa mahaifiyarta da bakinsa. Ta ce masa an ƙara mata mako uku. Ya ce madalla, ai kin ga ba abin da ya ɓaci. Shi maganarsa ɗaya ce tun farko, bai canza ba, kuma ba zai riƙe 'yar 'yar'uwarsa ba. A samu wanda zai raba tsaki, ya sa hannu. Kuma ya ma samo. Ya yi tunani a kan abin tun azahar. Ita da ba ta yi makaranta mai zurfi ba ta koya a shekara uku, ba malami, daga littafin da ba ta jin yarensa. To ina ga mai takarda biyar, ga kuma malama a gefensa? Ranar da Dakta ya raba ɗari bai kuskure fiye da biyu ba, ko a tsaye yake zai sa mata hannu.

Ya juya ya tambayi Dakta ko mako uku ya yi masa kaɗan. Dakta ya dubi teburin, ya dubi fitilar, ya dubi Gwaggo da ta daina naɗe kwali don ta ji da kyau. Ya ce a ƙa'ida ma mako biyu ya isa.

Kawu ya ce to ga tsaki nan a fara, ya fita yana atishawa.

Ta tashi ta ba shi kujerar. Bai cire kwat ba. Ta nuna masa yadda ake riƙo, wuya tsakanin yatsu biyu, ƙafa tsakanin biyu, a matsa ciki kaɗan tukuna. Ya matsa, tsakon ya sakar masa abin da ke cikinsa a hannun riga. Ta ce haka ake so. Ta nuna masa inda babban yatsa ke zama, da abin da zai nema, ɗan ƙullu kamar kan allura, wani lokaci da sheƙi, wani lokaci babu, wani lokaci macen ma tana da mai kama da shi. Ya ce ya gane, ai duk yana cikin abin da suka yi. Ya sunkuya a gaban fitilar. Ya matse ido, ya cire gilashi, ya mayar da gilashi. Gumi ya taru masa a goshi daidai inda yake tarar mata.

"Mace," ya ce. "Ba ko shakka."

Ta karɓa ta duba. Ta ajiye shi a kwalin zakaru, ta gyara masa fitilar, ta miƙa masa na biyu.